Japan a Zauren Kakana

Assalamu alaikum, mutanen kirki. Wadda ta rubuto mini cewa na cika jan rai, ki yafe ni, ba halina ba ne, halin sabis ɗin Kebbe ne. Yau sai da na hau kan turmi sannan na samu layi biyu, don haka ku matso. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Mu'minatu, a gida Mumi, shekarata ashirin da uku, ɗinkin mata nake yi a ɗakin da ke jikin rumbunmu. Akwai kuma wani bawan Allah mai suna Sirajo da ya hana ni zura zare a allura daidai, wata bakwai ke nan.

Sirajo malamin dabbobi ne. A Tambuwal yake zaune, amma rabin rayuwarsa a kan babur take, daga wannan ruga zuwa waccan, da kula cike da ƙanƙara ɗaure a baya, yana yi wa shanu allurar rigakafi. Akuyar gwaggona ce ta haɗa mu ranar da ta kumbura. Akuya ta warke cikin kwana biyu, shi kuwa sai da ya dawo duba ta sau biyar. Baƙi ne, dogo, mai ɗan gibi, ga shi da wani irin shiru kafin ya yi magana, kai ka ce kowace kalma sai ya auna ta.

Da maganar ta kai kunnen mahaifina, bai ja ta da nisa ba. Ya ce shi ba shi da ta cewa, ga tsoho nan. Tun ranar sunana kakana Mahmuda ya faɗa a gaban jama'a cewa aurena a hannunsa yake, domin ni ce jikarsa mace ta fari. Mu duka Tsoho muke ce masa, shi kuma amarya yake ce mini, yana tsokanata wai na ƙi shi don ba shi da haƙora. In Tsoho ya ce Sirajo ya turo magabatansa, an gama. In ya ce a'a, to wallahi babu mai tayar da maganar a gidan nan, ni kuwa na riga na san ba zan iya saɓa masa ba, kuma ba zan iya mance Sirajo ba.

Za ku ce ai Tsoho asali zai bincika, da sana'a, da salla. Duk wannan an gama shi, Sirajo ya haye. Abin da ya rage shi ne Japan.

Kada ku yi dariya, ku bari in yi bayani. Mahaifin Tsoho, Na'iya, yana cikin samarin da Turawan Ingila suka kwasa lokacin yaƙin duniya na biyu zuwa Bama, ba ta Barno ba, wata can gabashin duniya, inda suka gwabza da sojan Japan a cikin kurmi. Ya tafi ya bar matarsa da cikin wata huɗu. Cikin nan shi ne kakana. Waɗansu sun dawo da kaki da labari, Na'iya bai dawo ba, kuma ba a samu wanda ya ce ga inda ya faɗi ba. Tsoho ya tashi yana zama gindin tsofaffin soja yana sauraro, da ya girma ya sayi rediyo, ya haɗa wannan da wancan, har ya gina ra'ayinsa. A ganinsa Japan wauta ta yi. Lokacin da ƙawarta Jamus ta afka wa Rasha ta gaba, da Japan ta afka mata ta baya, da Rasha ta faɗi, da Japan ba ta gangara kudu ta taɓa ƙasashen Ingila ba, da babu yaƙin Bama, da babu wanda ya zo ƙasar Sakkwato neman samari. Ma'ana dai, da ya san ubansa.

Shekara sittin yana wannan magana. Duk baƙon da ya zauna zaurenmu ya sha ruwa sai ya ji ta. Ni kaina na iya ta kamar karatun allo.

Da aka ce Sirajo zai zo gaida Tsoho, Gwaggo Kulu, yayar mahaifina, ta iso ɗakin ɗinkina ko mayafi ba ta cire ba. Ta kashe mini keke da hannunta.

"Ke Mumi, ki ja ma yaron ga kunne. Duk abin da Baba yac ce bisa Japan, shi ce hakanan na."

"Gwaggo, in kuma bai yarda ba fa?"

"Yarda mi? An ce maki aure da yarda da Japan aka yin shi? Shekara talatin da fuɗu mijina Mu'awiya shina cewa hakanan na, ko kanshi bai taɓa ciwo ba. Kin mance malamin nan na Dogon Daji?"

Ban mance ba. Ina 'yar shekara goma wani malamin makaranta ya zo sayen gero, Tsoho ya fara masa bayani, shi kuwa ya tuntsire da dariya. Tsoho ya sa aka sauke buhunan da aka riga aka ɗora a mota, ya ce ya tafi ya sayi geron Japan. Kwana uku bai yi wa kowa magana ba a gidan.

Da Gwaggo ta fita na ɗauki waya na nemo lambar Sirajo.

Na rubuta: "Malam, akwai magana. Tsoho zai yi maka labarin Japan da Rasha. Don Allah duk abin da yac ce, ka ce hakanan na."

Ya amsa: "Mi Japan tay yi mai?"

Na zayyana masa komai, dogon saƙo har kashi uku. Ya karanta. Can sai ga shi: "Allah shi jiƙan Na'iya. Ba ni kwana goma."

"Kwana goma na mi? Kalma biyu ta fa, hakanan na!"

Ya turo mini hoton fuska mai murmushi. Ni kuwa sakarya na ɗauka na gama aiki.

Ashe bawan Allah karatu ya shiga. Yana da aboki mai koyar da tarihi a Tambuwal, ya je ya kwaso littattafai, ya ƙarar da datarsa wajen kallon taswira. Wai har a ruga, yana jiran a kamo masa saniya, littafi na cikin aljihu. Ana jibi zai zo, ina cikin yi wa wata riga dajiya, saƙo ya shigo.

"Mumi, na karanta. Tsoho ya san abubuwa da yawa, wallahi ya ba ni mamaki. Amma maganar shi ba ta tsayuwa."

Allura ta shige mini yatsa. Na rubuta da hannun hagu: "Wa yat tambaye ka ko tana tsayuwa?"

"Ba ni iya kallon idon dattijo in yi mai ƙarya ranar da nika roƙon jikarshi."

"To ni da Japan, zaɓi guda."

"Ke niz zaɓa. Shi yas sa."

Masu karatu, ku gaya mini, wannan amsa ce? Na kife wayar a kan tarin atamfa na ce ba zan ƙara kula shi ba. Bayan minti huɗu na ɗaga na duba ko ya ƙara wani abu.

Asabar ta zo da ruwan safe, irin mai sanyin nan da ke sa gero ya yi kore shar. Na share zaure sau biyu, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sa turaren wuta. Gwaggo ta dama fura da nonon da aka kawo daga ruga da sassafe, ta yanka zakara. Ni kuwa na sa atamfata mai ruwan toka da zanen ganye ja, wadda na ɗinka da hannu mai faɗi, na ɗaura ɗankwali na tura shi gaba kaɗan, na ja kwalli, na shafa humra a wuyan hannu. Lallen da aka zana mini ranar Alhamis ya kama ya yi baƙi. Na duba madubi na ce, Mumi, in ma yau za a kore shi, aƙalla ya tafi da abin tunawa.

Bayan azahar na ji ƙarar babur. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Farar shadda ya sa, da hula mai aikin shuɗi, amma hanyar Kebbe ta karɓi rabonta: ƙafar wandon har gwiwa jan laka ce. Ya tsaya bakin zaure yana kankare takalmi da kara, sai na ji tausayinsa ya rufe ni, fushin nan duk ya bi ruwa.

Ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa. Tsoho na kishingiɗe a kan buzunsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai na mai son ƙwace man amarya?"

"Ni na, Baba. In an ba ni."

"Da wannan wandon?"

"Hanyarku ta yi man ado, Baba."

Tsoho ya yi 'yar dariya. Na shigo da fura da ruwa, na durƙusa na ajiye, ban yarda na ɗaga ido ba. Ina fita na laɓe bayan ƙofar cikin gida, inda na tarar Gwaggo ta riga ni, ta ɗauko har kujerar tsugunno.

Suka taɓa maganar damina, da ciwon da ke kama shanu bana. Ina ta addu'a Allah ya mantar da Tsoho. Ina! Sai na ga ya janye gefen tabarma, ya shafe rairayin zaure da tafin hannu. Gwaggo ta matse mini cinya.

Ya ɗauki faifan da aka rufe fura ya ajiye. "Wagga Rasha ta." Ya fito da goro ya ajiye a hagunta. "Ga Jamus." Ya lalubo ƙwallon dabino ya ajiye can dama. "Ga 'yar ƙaramar ga, Japan." Murfin kwano ya zama ƙasar Sin, wani lemun tsami da ban san inda ya samo shi ba ya zama Bama, can ƙasa. Ya yi bayaninsa tiryan-tiryan, muryarsa na ƙara ƙarfi, har ya tura goro da ƙwallon dabino suka haɗu a tsakiyar faifai.

"Ka gani? An gama da Rasha. Babu mai zuwa Bama. Ko ba hakanan ba?"

Gwaggo na motsa baki tana faɗa masa amsar daga nesa, sai ka ce zai gani ta cikin katako.

Sirajo ya yi shirun nan nasa. Sannan ya ce, "Baba, in an yarda man, ina da tambaya."

Gwaggo ta ce, "Innalillahi," can ƙasa-ƙasa.

"Yi ta."

Sirajo ya ɗauki kofin ruwa ya ajiye shi can ƙasa da lemun tsamin. "Da wane mai za su tafi?"

"Mai?"

"Fetur, Baba. Japan ba ta da rijiyar mai ta kirki. Mafi yawan man da taka sha daga Amurka shika zuwa, kuma shekarar nan da Jamus tas shiga Rasha, Amurka ta rufe mata famfo. Jirgin ruwa na son mai, jirgin sama na so, mota na so. Man kuwa ga shi nan, tsibiran kudu. Can arewa inda kaka tura su, daji na da sanyi, tafiyar wata da watanni."

Tsoho ya tashi zaune sosai. "Soja da zuciya shika yaƙi, ba da kananzir ba."

"Hakanan na, Baba." Gwaggo ta saki ajiyar zuciya, amma bai gama ba. "Sai dai ni kullum da safe zuciyata Fakku taka so, don can shanu sunka fi yawa. Amma allurata ba ta rayuwa sai da ƙanƙara, ƙanƙara kuwa Tambuwal aka samun ta. In nib bi zuciya, in isa Fakku da ruwan banza cikin kwalba. Ƙanƙara ka zaɓa man hanya, ba ni ba. Su ko mai yaz zaɓa masu."

Na so in ji haushi, amma wallahi wani daɗi ne ya tsarga mini. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Tsoho ya nuna shi da yatsa. "To tsaya. Kana nufin duk cikin manyansu babu wanda yac ce a yi arewa?"

"Akwai, Baba. Har da babban minista cikinsu. Sun yi gardama mai zafi."

"Ka ji! Ashe ba ni kaɗai na mahaukaci ba!"

"Ba ka haukace ba. Amma shekara biyu kafin nan sun gwada Rasha bakin iyaka, sun sha kashi. Sun ɗanɗana, ba su mance ba. Ga kuma wannan," ya taɓa murfin kwano, "sojansu masu yawa sun maƙale cikin ƙasar Sin, ba su gama ba balle su buɗe wani yaƙin."

"Rasha ta ɗebe sojanta na gabas ta kai su tsaron babban birninta. Wannan ka karanta shi ko ka tsallake? Gida babu kowa!"

"Ta ɗebe wasu, Baba, ta cike gurbinsu da wasu. Kuma ba ta ɗebe ba sai da tat tabbata Japan kudu za ta."

"Wa yag gaya mata?"

"Tana da ɗan leƙen asiri can."

"Munafuki!" in ji Tsoho, ya buga cinya, kamar jiya abin ya faru.

Suka yi ta yi. Ƙwallon dabino ya hau ya sauka ya fi sau goma. Fura ta yi tsami a kwano ba wanda ya kalle ta. Tsoho ya cire hularsa ya ajiye, abin da ba ya yi gaban baƙo. Ni dai na kasa gane ko faɗa ake ko wasa. Gwaggo kuwa ta riga ta fara lissafa mini samarin da suka rage a unguwa.

Sai Tsoho ya ɗauki lemun tsamin ya riƙe a tafin hannu. Muryarsa ta sauka.

"To mu ce sun yi arewa, ko da wauta. Ka dai yarda babu mai zuwa nan."

Na roƙi Allah a raina, Sirajo ka bar masa wannan, wannan kaɗai. Na ga ya sunkuyar da kai.

"Baba, tun kafin Japan ta taɓa Bama, Turawa sun riga sun fara ɗibar mutanenmu. Sun kai su Habasha yaƙi da Italiya. Da babu Bama, ina jin da akwai wani wurin. Ko zai dawo daga can, Allah kaɗai yas sani. Ba ni iya ce maka zai dawo, ba ni iya ce maka ba zai dawo ba."

Tsoho ya daɗe yana kallon lemun nan. Can masallaci aka kira la'asar. Ya mayar da hularsa, ya dafa bango ya miƙe, bai karɓi hannun da Sirajo ya miƙa masa ba.

"Ka gaida gida," kawai ya ce.

Ban fita sallama ba. Na shige ɗaki na faɗa kan gado da atamfar da komai, kwalli ya ɓata matashi. Ina ji babur ya tashi, ƙararsa ta yi nisa. Saƙo ya shigo: "Ki yafe ni in na ɓata." Na rubuta masa: "Ka ci gardama. Sai ka auri ƙanƙara." Na kashe wayar gaba ɗaya.

Gwaggo ta yi ta faɗa a tsakar gida har magariba, wai ilimin zamani ba ya zuwa da hankali. Abu ɗaya dai ya ɗaure mini kai. Tsoho, wanda tun bara sai an yi da gaske yake cin rabin malmala, ranar ya cinye tuwonsa tas, ya aiko a ƙara masa romon zakara. Gwaggo ta ce cin fushi ne.

Washegari da hantsi ina zaune gaban keke ban ɗinka komai ba, na ji muryarsa.

"Amarya! Kawo man kunu."

Na kai masa zaure. Taswirar na nan yadda suka bar ta, ya hana a share, har kofin ruwan. Na durƙusa zan tashi ya ce in zauna. Ya kurɓi kunu, ya dube ni, idona duk a kumbure.

"Yaron ga naki ba shi da kunya."

Hawaye suka zubo mini. "Tsoho, ka yi haƙuri, wallahi na gaya mai..."

"Kin gaya mai mi?"

Ya ƙura mini ido.

"Kin gaya mai shi ce hakanan na. Aikin Kulu na, na sani." Ya girgiza kai. "Ke da gwaggonki ba ku san kan al'ada ba. Mu'awiya surukina na, ɗiyata yaka aure, dole shi ji kunyata, ko na ce rana daga yamma taka fitowa shi ce hakanan na. Wanga fa? Jikata zai ɗauka. Mijin jika abokin wasa na, abokin gardama na. Shekara nawa nika jiran ki girma ki kawo man wanda al'ada ta yarda shi musa man, sannan ku taru ku ɗaure mai baki?"

Na buɗe baki na kasa rufewa. "Amma malamin Dogon Daji..."

"Wancan dariya yay yi. Wanga karatu yay yi. Kwana nawa?"

"Goma."

"Kwana goma saboda ubana." Ya juyar da kai wajen ƙofa, ya daɗe bai juyo ba. Da ya sake magana muryarsa ta dushe. "Tun ina yaro nika neman wanda zan ɗora ma laifi, amarya. Na ɗora ma Japan, don ita ba ta jin Hausa. Duk wanda nig gaya ma, sai shi ce hakanan na, in ƙara jin zafi, in ce ashe da kaɗan anka rasa shi. Jiya yaron ga ya ce man ba da kaɗan ba na. Ya yi man ciwo. Amma na yi kwana irin wanda na daɗe ban yi ba."

Ina kuka ina dariya, ban san wanne zan tsayar ba. Ya harare ni.

"Kada ki ce mai ya ci ni. Bai ci ni ba. Akwai wurin da nik kama shi bisa maganar Sin, jira nika yi shi dawo." Ya kurɓi kunu. "Ki gaya ma ubanki, mutanen Tambuwal su zo bayan sallar Juma'a ta sama. Na sake ki, amarya, tunda kin fi son mai laka ga wando."

Masu karatu, ban san lokacin da na rungume ƙafafunsa ba. Ya ce in sake shi kada in karya masa abin da ya rage.

Har na miƙe zan ruga wajen Gwaggo, ya ce in dakata. Ya laluba aljihun 'yar cikinsa ya fito da wata ƙaramar jakar fata da duk rayuwata nake ɗauka laya ce. Ya kwance ta a hankali. Takarda ce a ciki, ta yi ja, ta kakkarye a wuraren ninki, da rubutun boko da ya kusa gogewa: suna, da waɗansu lambobi.

"Wagga aka ba innata ranar da yat tafi. Lambar shi ta soja. Ban taɓa nuna ma kowa ba, don ban ga wanda zai san abin yi da ita ba. Tunda malaminki ya san inda man Japan yake, tambaye shi ko ya san inda anka bar mutane."

Na kunna waya. Saƙonnin Sirajo goma sha ɗaya suka shigo a jere, ban tsaya karanta ko ɗaya ba. Na fita tsakar gida na hau turmi, na ɗauki hoton takardar a tafin hannuna na tura, na rubuta: "Juma'a ta sama ku zo. Tsoho ya amince. Kuma ya ce ka duba mai wannan."

Na ga ya buɗe. Na jira alhamdulillahi, na jira hoton zuciya, na jira ko da guɗa ce a rubuce. Shiru. Minti biyar, minti goma, ina tsaye kan turmi kamar wadda aka sa horo, Gwaggo na tambayata ko aljanu ne suka hau ni. Har na fara shirya masa baƙar magana sai wayar ta yi motsi.

"Alhamdu lillahi, Mumi. Sauran magana sai na zo. Akwai jerin sunayen waɗanda ba a ga kabarinsu ba, an sassaƙa su jikin dutse can Bama. Lambar ta yi daidai. Na ga sunan shi, har da ranar. Kada ki gaya mai ta baki, shi da kanshi ya kamata shi gani. Ina bisa hanya."

Na sauko daga turmi a hankali. Ta ƙofar zaure ina hango Tsoho, ya ajiye kofin kunu, ya sunkuya yana matsar da ƙwallon dabino kusa da murfin kwano, yana magana shi kaɗai, yana shirya gardamar da zai tari Sirajo da ita. Ya ɗago ya gan ni.

"Mi yac ce?"

Na ɓoye wayar cikin mayafi.

"Ya ce ka sa hularka mai kyau, Tsoho. Shina zuwa yanzu."